“Tsari Ne Kawai, Babu Abin da Ya Canza”

Manhajar da muke kula da ita ta girme yawancinmu a wurin aikin. Da harshen Python aka rubuta ta, kuma hannaye da yawa sun ratsa ta, kowa da irin rubutunsa: wannan ya bar gurbi huɗu a farkon layi, wancan biyu, wani kuma layinsa sai ka yi ta jan allo kafin ka ga ƙarshensa. Idan aka zo duba aikin juna, rabin gardamar a kan waƙafi da baka take ƙarewa, ainihin abin da kod ɗin ke yi kuwa a manta da shi. Abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Maganin ba ɓoyayye ba ne. Harshen Go tun fitowarsa a 2009 ya zo da gofmt, mai jera rubutun kowa a siga ɗaya. A Python akwai Black, wanda Łukasz Langa ya fitar a 2018. Ba ya neman ra'ayin kowa, iyakar layi haruffa 88, kuma bayan ya gama yakan bincika ya tabbatar ma'anar kod ɗin ba ta sauya ba. Har yau ina ganin kowane babban aiki yana buƙatar irinsa.

Abin da na yi shi ne na saki Black a kan ma'ajiyar kod ɗinmu ta Git gaba ɗaya ba tare da na shawarci kowa ba. Ina cikin haka na hango wani lissafin kwanan wata da na ga kamar ba daidai ba, na gyara shi da hannuna, na haɗa komai a turi guda. Abokin aikin da zai duba ya ga dubban layuka sun motsa, ya tambaye ni. Na ce masa tsari ne kawai, babu abin da ya canza. Ya yarda da ni, ya sa hannu. A lokacin ban ɗauki maganar a matsayin ƙarya ba, don gyaran layi biyu ne. Amma ƙarya ce, kuma ita ta rufe idon mutumin da aikinsa ke nan ya kama kuskurena.

Washegari duk wanda ke da reshen aikinsa a buɗe a ma'ajiyar ya tarar aikinsa ya ƙi haɗuwa da babban reshe. Wata babbarmu, wadda ta yi nisa a wani aiki mai wuya, ta ce mini, “Malam, da ka faɗa mana ai da mun shigar da namu tukuna.” Ba ta ƙara komai ba.

Ɓarnar da ta fi ciwo daga baya ta fito. Gyaran nan nawa ba daidai ba ne, yana kuskure ranar ƙarshen wata. Da aka shiga neman tushen matsalar da git blame, umarnin da ke nuna wanda ya taɓa kowane layi a ƙarshe da bayanin da ya bari, sai ga sunana a ko'ina. Sawun shekaru na mutanen da suka san dalilin kowane sharaɗi ya koma ƙarƙashin bayanina mai cewa tsari ne kawai, shi ya sa masu bincike suka yi ta tsallake turina. Ni na je na nuna musu wurin.

Mun janye turin, muka zauna. Aka sa rana, kowa ya shigar da aikinsa, sannan aka gudanar da Black shi kaɗai, babu gyaran hannu ko ɗaya. Lambar wannan turi muka rubuta a fayil ɗin .git-blame-ignore-revs, domin tun Git 2.23 na 2019 ana iya sa git blame ya tsallake irinsa. Muka tsayar da sigar Black ɗaya ga kowa, tunda sigogi mabambanta kan jera layi daban, muka kuma sa na'urar gwaji ta ƙi duk aikin da bai bi tsarin ba.

Daga baya na ga yadda masu Django, wani babban aikin Python, suka bi da nasu. Sun amince da Black tun 2019, amma suka jira har ya fita daga matakin gwaji a Janairun 2022, sannan a Fabrairu suka jera kod ɗinsu a turi na musamman, suka sa lambarsa a irin wannan fayil.