Kagoma: Gadon Kakanni Da Rabon Naƙasassu A Filin Wasa

Matafiyin da ya tashi daga Kafanchan ya nufi Kwoi, lalle ne ya ratsa ƙasar Kagoma, watau ƙasar mutanen Gwong da ke Ƙaramar Hukumar Jama'a ta Jihar Kaduna. Ƙasa ce ta duwatsu da noman citta, sarkinta kuwa Kpop Gwong ake ce masa. A Fadan Kagoma aka haifi marigayi Patrick Yakowa, wanda ya yi Gwamnan Kaduna daga 2010 zuwa 2012.

Amma gadon wannan yanki ya girmi sarauta da siyasa nesa ba kusa ba. Cikin 1943 aka tono wani kan mutum-mutumi na yumɓu wurin haƙar kuza a ƙasar Jama'a. Shi ne ya sa Bature Bernard Fagg ya dukufa kan binciken mutanen Nok, waɗanda suka zauna nan fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Abin lura a nan shi ne, cikin siffofin da maginan Nok suka bari har da na masu tundurmi da masu shanyewar fuska. Ashe mutanen dā ba su ɓoye mai lalura a bayan ɗaki ba, sun lissafa shi cikin jama'a.

To, yau fa? An tabbatar da kawar da asalin ƙwayar shan-inna daga Nijeriya a 2020, amma samari da 'yan matan da ta riga ta taɓa suna nan a kowane ƙauye. Wasa kuwa ya nuna abin da za su iya. A 1988 wani Bakane, Misbahu Lawan Didi, ya ƙago ƙwallon guragu, wadda ake bugawa da hannu bisa katako mai taya. Nijeriya ta fara shiga gasar naƙasassu ta duniya a Barcelona cikin 1992, ta ciwo zinariya 3. A Rio cikin 2016 naƙasassu suka kawo zinariya 8, alhali masu lafiya tagulla ɗaya tak suka samo.

Galibin irin waɗannan gwanaye a manyan birane ake horar da su. Yaron da ke Kagoma ko Kwoi ko Zonkwa, in babu fili kusa da shi, baiwarsa sai ta mutu a zaure. Kayan da ake bukata kuwa ba su fi ƙarfin gari ba: daɓe mai kyau, katako, taya da ƙwallo, kuma kafinta da maƙerin Kafanchan sun isa su haɗa su.

Mutanen da suka gaji gayya a gona sun san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ya kamata sarakuna da ƙungiyoyin ci-gaba da coci da masallaci su ware wa naƙasassu rana a bukukuwan shekara, su shiga fili a tafa musu, a ba gwani kyautarsa. Allah Ya sa a dace.