Daga Zabori zuwa inda ake yaƙar sankara da haske

Na bar Zabori gero ya kai gwiwa. Motar kasuwa ta sauke ni a Gaya, na bi bas ta Doso zuwa Yamai, daga nan jirgi ya ratsa da mu Adis Ababa har Afirka ta Kudu. Watan Yuli, muna tsakiyar damina, su kuwa hunturu suke. A tasha na sayi rigar sanyi.

Makhanda, wadda kafin 2018 ake kira Grahamstown, ƙaramin gari ne tsakanin tuddai. Nan Jami'ar Rhodes take, nan kuma Farfesa Tebello Nyokong ke aiki. Ƴar Lesotho ce, ta yi kiwon tumaki tana yarinya, a 2009 ta karɓi kyautar L'Oréal da UNESCO. Kafin zuwana ban taɓa jin ana maganin sankara da rini ba.

Wani ɗalibi ya nuna min kwalaben rini, wasu shuɗi wasu kore. A cikin duhu rinin ba ya komai. Sai ya taru a ƙari, a haska masa jan hasken leza, ya tunzura iskar oksijin da ke wurin ta zama dafi, ta kashe ƙwayoyin cutar. Wahalar ita ce kai shi can, don yakan dunƙule cikin jini, ko ya tsaya a fata har rana ta ƙona majiyyaci. Shi ya sa masu bincike ke ƙera ƙwayoyin silika, sinadarin da ke cikin yashi, dubu jere ba su kai milimita ɗaya ba, kowace cike da ramuka kamar saƙar zuma. A dura rinin ciki, oksijin na shiga da fita ta ramukan. Na daɗe ina kallon garin silikan a ƙasan kwalba.

Ɗalibin ya gaya min gaskiya: yawancin wannan aiki bai wuce ɗakin gwaji ba, kuma hasken da ƙyar yake ratsa santimita ɗaya na tsoka. Ƙarin da aka gano da wuri ya fi yi wa amfani.

Maganar ta tsaya min a rai har Yamai. Sai a 2021 Nijar ta samu na'urar gashin sankara ta farko, a babban birni. Matar Zabori da ta ji kulluntu a nono, tsakaninta da na'urar akwai kuɗin mota, da masauki, da gonar da za a bari ba noma.