Akushi da Faranti: Asabar a Gidan Wani Malami a Bebeji

Bahaushen karkara bai san wani abu wai shi ƙarshen mako ba. Ranakun da yake lissafi da su biyu ne, Juma'a da ranar kasuwa. Hutun Asabar da Lahadi aikin albashi ne ya zo da shi, kuma tare da shi wata sabuwar ɗabi'a ta shigo, watau magidanci ya bar tuwon gidansa ya tafi wani wuri ya sayi abinci ya ci da abokai. Labarin wani tsohon malamin firamare na Bebeji zai nuna wa mai karatu yadda wannan ɗabi'a ta yi karo da wadda ta tarar.

Mahaifin malamin jikan fatake ne. Bebeji kuwa tsohon garin fatauci ne. A nan aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, cikin Agalawa masu safarar goro daga Gwanja. Mutanen da suka saba kwana a gidan wani a kan hanya sun san darajar masauki, saboda haka zauren tsohon ba ya rabuwa da baƙo. Bayan sallar Magariba kowane maƙwabci sai a fito masa da akushinsa, a jera, a buɗe ɗaya bayan ɗaya a ci tare. Wannan ita ce ciyayya. Wanda ba a ɗora tukunya a gidansa ba ran nan, sai ya wanke hannu ya zauna kamar kowa, babu mai tambayarsa. A wurin tsohon, magidancin da aka gani yana cin abinci a kasuwa ya tona asirin gidansa.

Ɗan kuwa ya fara aiki ne a zamanin Gwamna Audu Baƙo, sa'ad da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, aka gama ta a 1974, aka kuma yi otal a bakin tafkin Bagauda. Da aka biya kuɗin Udoji a 1975 sai ya sayi babur. Daga nan duk Asabar shi da abokansa malamai sai Bagauda, a zauna a kan kujera, a kawo wa kowa farantinsa da cokali, a ci shinkafa da kaza, a sha lemo mai sanyi. A ganinsu ci gaba ke nan.

Tsohon bai hana shi ba. Sau ɗaya tak ya yi masa magana, ya ce, "Ɗan nan, abin da aka ci aka biya, an gama da shi. Abin da aka ci a zaure kuwa bashi ne, kuma wannan bashin shi ne zumunci." Ɗan ya ce, "To, Baba," ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Daga 1986, da gwamnati ta karya darajar naira, albashi ya daina kai mutum ƙarshen wata, balle ya kai shi otal. Taron Asabar ya watse da kansa, domin ba abin da ya haɗa shi sai kuɗi. Shi kansa otal ɗin daga baya an mayar da shi reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya. Bayan rasuwar tsohon, maƙwabta suka ci gaba da kawo akusansu zauren kamar yadda suka saba, ya zama dole sabon maigida ya fito da nasa. A nan ne ya gane maganar da aka yi masa. Sannu a hankali ya nemo tsofaffin abokansa uku da aiki ya rarraba, ɗaya a Ƙiru, ɗaya a Tudun Wada, ɗaya a Doguwa, aka tsayar da Asabar ɗin farko ta kowane wata ranar haɗuwa a gidansa.

Jarrabawar ta zo ne bayan cire tallafin man fetur a 2023, sa'ad da farashin hatsi ya yi tashin gwauron zabo, ga fansho ba ya ƙaruwa. Wata Juma'a da dare ya duba, babu kome a gidan sai garin masara da kuka. Ya ɗauki waya zai ce wa baƙin kada su zo, yana shirin fakewa da rashin lafiya. Uwargida, wadda ita ce ta sha hayaƙin wannan karimci shekara da shekaru ba tare da baƙo ya taɓa ganin guminta ba, ta ce, "Malam, in ka hana su zuwa yau, kunya za ta hana ka kiransu gobe. Ka bar ni da murhu."

Suka zo. Aka fito da tuwon masara da miyar kuka da ta ji daddawa, babu nama ko tsoka ɗaya. Babu wanda ya ce uffan. Aka suɗe akushi tas, aka yi hira har La'asar. Da wata ya zagayo sai ga na Tudun Wada da ƙullin shinkafa, na Doguwa da kwanon masara, na Ƙiru kuwa ya biya ta Tiga ya sayo kifi. Ba wanda ya kira abin taimako, kowa tsaraba ya ce. Ashe dukkansu halin ɗaya suke ciki, kowanne yana ɓoyewa.

Jikokinsa samari su ma suna da tasu Asabar ɗin. Sukan tafi bakin ruwan Tiga cin soyayyen kifi, ko Kwanar Ɗangora wajen masu tsire, ko su kewaye teburin mai shayi. Malamin ba ya yi musu faɗa, don ya san wanda ya riga su. Abu ɗaya kurum yake nema a gare su: in baƙinsa sun iso, su ne za su shimfiɗa tabarma, su kawo ruwan wanke hannu, su ɗauko akushi daga cikin gida.