Gardama Biyu Daga Karama: Tsohon Rediyo Da Zanen Bango

 Akwai gardama guda biyu da ba su ƙarewa tsakaninmu, mu da mu kan je Dubai saro kaya. Mun ga ya kamata mu kawo su gabanku, don abin da ke cikinsu ya shafi gidajenmu na Kumasi da Ankara fiye da yadda ya shafi Larabawa. Ta fari a kan tsofaffin kayan wuta ce, watau rediyo da rikoda da akwatin talabijin. Ta biyu kuwa a kan zane ce: wanne ya fi, wanda ya yi kama da abin da aka zana, ko wanda mutum zai tsaya yana kallo, bai san kansa ba bai san gindinsa ba?

Ga wanda bai taɓa zuwa ba, Karama unguwa ce a ɓangaren Bur Dubai, ƙetaren ruwa daga Deira inda yawancin cinikinmu ya ke. Ba ta yi kama da Dubai ɗin da a ke bugawa a kalanda ba. Benayenta gajeru ne, sun kwana biyu, mazaunanta kuwa galibi baƙi ne ma'aikata da masu kantuna, Indiyawa da mutanen Fakistan da na Filifin. Watau dai zango ce irin tamu, sai dai ba Bahaushe ne ya kafa ta ba. Shi ya sa waɗansunmu su kan shiga can da dare neman abinci mai araha, in an ci an ƙoshi a taka cikin lunguna ana hira.

A cikin lungunan nan akwai kantunan gwanjo, masu kujeru da gadaje da firji da talabijin, irin waɗanda baƙo ya kan sayar in aikinsa ya ƙare zai koma gida. Nan gardamar fari ta kan tashi. Wani dattijo daga cikinmu, tsohon falken goro kafin ya koma kayan wuta, ba ya wuce irin kantin nan bai tsaya ba. Sai ya nuna wata talabijin mai faɗi, siririya kamar allo, ya ce, "Ku dubi wannan. Ko shekara biyar ba ta yi ba, ga ta a gwanjo. Rediyon da mahaifina ya bar mini kuwa, har yau in ka sa masa batir sai ya yi magana."

Duk wanda ya girma a zango ya san irin rediyon da ya ke nufi. Gidan rediyon Ankara, wanda aka buɗe a 1935 da sunan ZOY, daga baya ya sa Hausa cikin harsunansa. A 1957 Landan ta fara magana da Hausa. A 1965 aka fara talabijin a Gana. A cikin shekarun nan akwatin ya zama kamar ɗan gida. A kan ɗinka masa riga, a ba shi wuri a kan kabad, yaro ba ya taɓa shi sai da izini. Waɗansu sun riƙe Akasanoma da a ke haɗawa a Tema, waɗansu National, waɗansu Philips. In ya yi shiru ba a jefar da shi. Sai a ɗauka a kai wa mai gyara a bakin kasuwa, ya kwance ƙusoshi huɗu, ya bi kayan cikin ɗaya bayan ɗaya har ya sami wanda ya ƙone, ya cire ya liƙa sabo da darma. In rikoda ce ta daina jan kaset, sau da yawa ɗan zaren roba ne kawai ya saki.

Samarin da ke tafiya tare da mu ba su kan bar maganar nan ta wuce ba. Su kan ce, "Baba, wanda ya rayu kaɗai ka ke gani. Ina dubban da suka mutu tun ba a haife mu ba?" Su kan ce tsohuwar talabijin mai ƙusumbi sai mutum biyu sun kama, ga shan wuta, gilashinta kuma akwai darma a ciki mai cutar da jiki in an fasa. Su kan tuna mana hayaƙin Agbogbloshie, inda 'ya'yanmu da na 'yan'uwanmu daga Arewa suka yi shekaru suna ƙona waya don su fid da jan ƙarfe, har aka rushe wurin a 2021. Su kan ce ba a banza gwamnati ta hana shigo da tsofaffin firji a 2013 ba. Gaskiya ce, ba mu da ta cewa a nan.

Amma mu a namu gani, abin da ke damun dattijon ya wuce yawan shekaru. Abin da ke ci masa rai shi ne, sabuwar ba ta buɗuwa. In ka kwance bayanta allo ɗaya za ka tarar, kayan jikinsa ƙanana kamar ƙwayar gero, in ɗaya ya lalace sai a ce a sake allon duka, kuɗinsa kuwa ya kusa na sabuwa. Wata ma lafiyarta lau, sai kamfanin ya daina aiko mata da abin da ta ke aiki da shi ta intanet, ta zauna tana kallonka kana kallonta. Tsohon rediyo namu ne har cikinsa. Wannan kuwa ko ka biya kuɗinta duka, kamar aro ce a hannunka.

To, gardama ta biyu ba ta da nisa da kantunan nan. A 2016 aka sa masu zane suka cika bangon benaye na wani titi a Karama, wanda a ke kira 18B, da manya manyan zane-zane. Waɗansu siffar dabbobi ne da tsuntsaye, an fitar da su sarai har ka ce za su motsa. Waɗansu kuwa launuka ne da layuka, sun shiga juna sun fita. Da muka bi ta wurin, dattijon nan ya yaba wa masu siffa ƙwarai, ya ce wannan shi ne gwani, ya ga abu ya sauke shi a bango yadda ya ke. Da muka zo kan na launuka sai ya girgiza kai, ya ce, "Wannan ai ɓarnar fenti ce. Ko jikana in an ba shi tsani zai yi."

Ran nan kuwa yana sanye da babbar riga 'yar Kano, aikin hannu. Sai wani saurayi ya rusuna ya ce, "Baba, Allah ya huci zuciyarka, wannan da ke ƙirjin rigarka hoton mene ne?" Ya ce, "Aska takwas ce mana." Saurayin ya ce, "To, Baba, ka taɓa ganin wanzami da aska mai irin wannan siffa?" Dattijon ya dubi ƙirjinsa, ya yi murmushi, ya ce, "Kai dai ba ka da kunya. Wannan ai muna da sunansa."

Jama'a, maganar nan tasa ita ce dukan zancen. Muna da sunansa. Mu Hausawa ba mutanen hoto ba ne tun asali. Malamanmu da yawa ba su son a sauke surar abu mai rai, saboda haka gwanayenmu suka zuba hikimarsu a dagi da tambari da aska, a zayyanar da a kan yi wa allon mai sauka, a sassaƙen ƙwarya, a aikin fata, a zanen da magina su ke yi a fuskar soro a Kano da Zariya. Wanda ya shiga tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, ba hoton komai zai gani ba, amma ba wanda ya taɓa cewa ɓarnar ƙasa aka yi. Maƙwabtanmu Asante ma haka su ke da adinkra da kente, ko wace alama da sunanta da ma'anarta. Ashe dai irin zanen da mu ke yi wa dariya a bangon wani, shi mu ke sawa a ƙirji ran Salla. Bambancin kawai, namu an koya mana karanta shi tun muna goye.

Wannan ba ya nufin duk abin da aka shafa a bango ya zama aiki. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Yadda dattijo ya kan juya riga ya dubi bayan ɗinkin ya gane na gwani da na ɗan koyo, haka a ke gane zanen da aka auna aka daidaita da wanda aka watsa kawai. Sai dai kafin mutum ya yanke hukunci, ya kamata ya tsaya ya tambayi sunan abin tukuna.

Game da zane mai kama kuwa, akwai abin da muka gani da idonmu. Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa na 1990, lokacin da gidajen bidiyo suka cika unguwanninmu, mai akwatin kaset da talabijin da janareta ya kan sa a zana masa tallar fim da hannu a kan buhun fulawa. Yara su kan taru su yi ta kallon buhun kafin su ga fim ɗin. Da takardar talla ta inji ta yi araha, sai aka daina neman masu zanen nan, buhunan da suka rage kuwa baƙi suka saye suka kai ƙasashensu, suna rataye su a gidajen nuni. Yau ko wane yaro yana da wayar da za ta sauke kamanninka cikin ƙiftawar ido. Kama ta zama araha. Abin da ya yi tsada shi ne hannun gwani, shi ne kuma abin da ke ƙarewa a zango.

Nan ne gardamar biyu suka haɗu. Mai gyaran rediyo da maɗinkin riga ciwonsu ɗaya. Ku duba unguwarku, ku ƙirga masu gyaran da suka rage, sa'an nan ku ƙirga nawa ne a cikinsu ke da yaron da ya ke koya wa. Haka nan ku ƙirga masu aikin hannu a riga da hula, tun da keken aiki ya shigo. Yabon tsohon abu da baki ba ya ciyar da mai sana'arsa.

Akwai kuma abin da ya fi wannan gaggawa. Cikin akwatunanmu akwai kaset-kaset da ba su da na biyu a duniya: muryar iyayenmu da suka aiko da saƙo daga Makka ko daga Ikko, karatun malaman da suka rasu, bikin aure da suna, naɗin sarakunan zango. Kaset ba ya jiran kowa. Danshin damina ya kan sa masa fumfuna, zaren ya manne, muryar ta dushe. Injin da zai karanta shi ma yana ƙarewa. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera akwatin bidiyo na kaset, ya daina tun 2016. Ran da rikodar ƙarshe ta unguwa ta mutu, kuma ba mai gyara ta, ran nan muryoyin nan sun tafi ke nan.

Saboda haka muna roƙon shugabannin ƙungiya abu uku. Na fari, a nemi rikoda da akwatin bidiyo masu lafiya a ajiye a ofis, a sa rana ko wane gida ya kawo kaset ɗinsa, samarinmu masu sanin kwamfuta su juye su, a rubuta sunan mai maganar da shekarar tun masu tunawa suna da rai. Na biyu, mu fatake masu shigo da kaya, mu riƙa tambayar dillali ko ana samun kayan gyaran abin da mu ke saye, mu kuma haɗo su cikin kaya, don mai gyara ya sami abin aiki. Na uku, ƙungiya ta ɗauki nauyin yaro biyu ko uku a shekara, a kai waɗansu wurin mai gyara, waɗansu wurin maɗinki, a biya musu kuɗin koyo.

Wanda ke da tsohon rediyon da ya mutu, kada ya ba yara su fasa, kada kuma ya sayar wa masu ƙonawa. Ya kai wa mai gyara, ko bai tashi ba kayan cikinsa za su ta da wani. Wanda kuma ke da rigar gado, ya kira jikokinsa ya nuna musu, ya gaya musu sunan ko wane zane da ke jikinta.

Muna sauraron ra'ayin dattawa a kan wannan magana a taro mai zuwa. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya mai da matafiya gida lafiya, amin.