Kent da yaran da ke kallo daga bango

Kent ƙaramin gari ne a bakin kogin Husatonik, a jihar Konetikat ta arewa maso gabashin Amurka, ƙasar tuddai da dazuzzuka da farin gidajen katako. Matafiyi zai iya ratsa shi bai ankara ba. Amma a nan ne, a shekarar 1924, mutanen gari suka fito da tsofaffin hotunan kakanninsu a wani biki, masana suka lura hannu ɗaya ne ya zana da yawa daga ciki. Sai bayan shekaru kusan 40 aka tabbatar da sunan mai hannun: Ammi Phillips, wanda aka haifa a 1788 ya rasu a 1865.

Phillips mai zanen yawo ne. Ya yi kusan shekara 50 yana zagaya garuruwan da ke kan iyakar Konetikat da Masacusets da Niyu Yok, yana zana manoma da likitoci da ƴaƴansu. Mafi shahara cikin ayyukansa wata yarinya ce mai jar riga, rungume da farar kyanwa, ga kare a gefenta, wadda ya zana tsakanin 1830 da 1835. Hoton yana cikin dukiyar gidan adana zanen gargajiya na birnin Niyu Yok.

Mai karatu, in ka tsaya gaban irin waɗannan hotuna, abin da zai fara kama ka shi ne idanu. Yaran ba sa murmushi. Suna zaune kamar dattawa. Maza ƙanana ma riga irin ta mata ake sa musu, sai a tsagar gashi ake rarrabewa: ta mace a tsakiya, ta namiji a gefe.

Ba don ado kaɗai iyaye ke biyan kuɗin ba. A wancan zamani cututtuka na ɗauke yara tun suna ƙanana, kuma hoton kyamara bai bayyana ba sai 1839. Joseph Whiting Stock na garin Sipirinfil, wanda amalanken shanu ya faɗo wa yana ɗan shekara 11 ya gurgunce, ya rubuta a littafinsa cewa sau da dama a gaban gawa ya yi zane, domin uwa ta samu fuskar da za ta riƙa dubawa. Shi kuwa William Matthew Prior, ya yi shelar cewa mai ƙaramin ƙarfi zai samu hoto marar inuwa a kan rubu'in farashi.

Da kyamara ta yaɗu, sana'ar ta yi ta ja baya. Yawancin masu zanen ba sa sa hannu, sunayen yara da yawa kuma sun ɓace tare da danginsu. Har yau ba a tabbatar da sunan yarinyar nan mai jar riga ba.