Tsakanin Tunawa da Gaskatawa

Hausawa kan ce gani ya kori ji. Amma akwai lokacin da ji kan rikiɗe ya zama gani a zuciyar mutum. Jean Piaget, masanin halayyar yara, ya taso yana tuna yadda wani ya so ya sace shi a birnin Faris yana ɗan ƙanƙani, har da yaƙushin da mai rainonsa ta sha wajen kare shi. Yana kimanin shekara 15 matar ta rubuto wa iyayensa cewa ƙaga labarin ta yi. Ya daina gaskatawa, amma hoton bai gushe daga zuciyarsa ba.

Irin wannan ya raba iyalai a Amurka a shekarun 1990. A 1992, wata budurwa a jihar Missouri, bayan zama da wata mai ba da shawara a coci, ta soma tuna cewa mahaifinta ya riƙa yi mata fyaɗe tana ƙarama. Uban ya rasa aikinsa. Daga bisani binciken likita ya nuna ba ta taɓa sanin namiji ba. Ta janye zargin, aka kuma biya diyyar dala miliyan 1 a 1996. A wani bincike da aka wallafa a 1995, Elizabeth Loftus ta gwada mutum 24, ta sa kimanin rubu'insu suka tuna ɓatar da ba su taɓa yi ba a wata babbar kasuwa.

To sai dai kada mai karatu ya ɗauka duk wanda ya janye ƙarya ya yi tun farko. A wani bincike da aka wallafa a 1994, Linda Williams ta tuntuɓi mata 129 waɗanda asibiti ya rubuta cin zarafinsu kimanin shekara 17 kafin ta tuntuɓe su. Kashi 38 cikin ɗari ba su ambaci abin ba. Ashe gaskiya ma kan ɓuya. Kuma wanda dangi suka ƙaurace masa yana iya lashe amansa don kawai a karɓe shi.

Matsalar ita ce, zuciyar da ta yi zargin ita ce ta janye shi, kuma a duk lokutan biyu akwai masu faɗa mata magana a kunne. Don haka mai adalci ba zai tsaya ga ƙarfin tunawar ba, ko ga hawayen nadama. Zai tambaya: wace hujja ce ta zo daga waje, kuma su wa ke kewaye da mutumin sa'ad da ya faɗa da sa'ad da ya janye? Gaggawa a nan kan zalunci uba marar laifi, ko ta rufe bakin 'yar da aka cuta.