Wasiƙa Ga 'Yata Mai Karatun Ilimin Ruwa

'Yata,

Mahaifiyarki ta ce kin duƙufa kan haddar kalmomin Turanci na fanninku saboda jarrabawa ta matso. Ki haddace su da kyau, kada ki yi musu riƙon sakainar kashi, domin da su ake rubuta rahoto, da su ake zana madatsa. Sai dai duk wadda kika haddace, ki tambayi kanki da wane suna mutanenmu na bakin kogin Haɗeja suke kiran abin. Na rubuto a fili ne domin 'yan ajinku ma su ji.

Wasu ba za su ba ki wuya ba: kogi, rafi, ƙorama, tafki, idon ruwa, da kududdufi, ramin da aka ɗebi ƙasar gini ruwan damina ya cika shi. Fadama kuwa Turancin ne ya aro daga wurinmu, har aka raɗa wa shirin noman rani da Bankin Duniya ya tallafa wa tun farkon shekarun 1990 wannan suna.

Inda nake so ki daɗe shi ne cikar ruwa. Littattafanku sukan kira ruwan da ke rusa gida da ruwan da ke malala a fadama da suna ɗaya. Manomi ba ya haɗa su. Na farko ambaliya ce, irin wadda ta yi wa jiharmu ta Jigawa ɓarna a 2022, ta ci gonaki da gidaje da rayuka. Na biyu kuwa cewa ake kogi ya kawo, kuma da murna ake faɗa. Kafin ya kawo an riga an shuka shinkafa, tana tashi ruwan yana tashi da ita. Masunta su shiga da koma da gora. In ya fara janyewa a bi danshin da wake, in an girbe Fulani su sauko da shanu. Ruwan da ya kwanta watanni kuma yana tsatsewa ƙasa, shi ya sa a tsakiyar rani mai lambu zai haƙa kaɗan ya tarar da shi a kusa. Ƙasa ɗaya ce take ciyar da manomi da masunci da makiyayi, kowa da lokacinsa. Har tsuntsayen da ke gudo wa sanyin Turai a nan suke sauka, a wajen Dagona.

An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992. Ba na musun amfaninsu: Kano na sha, gonakin Kadawa da Kura na ba da shinkafa da tumatir. Amma wanda ya ɗauki duk wata cika a matsayin masifa, burinsa ya daidaita kogi ya riƙa gudu iri ɗaya rani da damina. Da aka tare ruwan a madatsun nan, fadamar da ruwa ke rufewa tsakanin Haɗeja da Nguru ta ragu. Hanyoyin ruwan da a da suke bushewa da rani suka daina bushewa, ciyawar kacalla ta samu wurin zama, ta toshe su. Ki je ki gani da idonki: ta fi tsawon mutum, ta yi cunkus, kwalekwale ba ya ratsa ta, jan-baki ya yi sheƙa a ciki yana fitowa yana cinye gero da shinkafa. Ruwa ya karkata ta hanyar ruwan Marma ya yi wa wasu yawa, na wajen Gashuwa kuma suna jiran abin da zai iso musu. Ruwa ba ya tsami banza.

Wannan ne ke damuna, 'yata. Gobe ke ce za ki zauna a ofishin da ake yanke ranar buɗe madatsa da ranar rufe ta, kuma da Turanci za ki rubuta takardar. In hutu ya zo, ki taho da littafinki mu je wurin sarkin ruwa da tsofaffin manoman fadama. Ki karanta musu kowace kalma, ki bayyana ta da Hausa, ki rubuta abin da suka gyara miki a gefen shafin.

Mahaifiyarki da ƙannenki suna gaishe ki.

Mahaifinki